Wa ke riƙe ofis idan babban jami'in mulkin mallaka ya yi 'yar tafiya?

Tambaya: A tsoffin takardun mulkin Turawan Ingila na ga mutum ɗaya ya sa hannu a matsayin Babban Sakatare, kuma a matsayin mai riƙon kujerar Gwamna. Doka ce ta yarda da haka, ko ƙarancin ma'aikata ne?

Amsa: Duka biyun. Turawan ba su da yawa, ga zazzaɓi, ga hutun gida da ke cin watanni har da tafiyar jirgin ruwa. Shi ya sa riƙon ƙwarya ya zama ruwan dare.

Amma akwai bambanci tsakanin doguwar tafiya da gajeriya. In Gwamna ya bar ƙasar zuwa Ingila, wanda takardun Sarkin Ingila suka ambata ne ke yin rantsuwa ya karɓi mulki gaba ɗaya. Haka William Wallace ya riƙa riƙe Arewacin Najeriya idan Lugard ya tafi hutu. Daga 1921, da Gwamna Clifford ya ƙirƙiro muƙamin Babban Sakatare ya ba Donald Cameron, mai wannan kujera ne kan karɓi riƙon. A irin wannan hali akan ɗaga wani ya riƙe sakatariya.

In kuwa rangadi ne na 'yan makonni, Gwamna kan naɗa wakili da takarda mai hatimi, ya fayyace ikon da ya ba shi, shi kuma ikonsa na nan bai gushe ba. A nan ne ake haɗa muƙamai, domin wakilin yakan ci gaba da aikin ofishinsa. Akan buga naɗin a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da ranar farawa, mai tafiya ya bar takardar miƙa aiki, in akwai kuɗi a ƙirga su, a miƙa makullan akwatin ajiya.

Inda abin ke ɓaci shi ne haɗa ofisoshin da aka kafa don ɗaya ya sa wa ɗaya ido. Ma'aji ba zai zama mai binciken kuɗin da shi ya kashe ba, lauyan gwamnati kuma ba zai yi alƙalanci a ƙarar da shi ya shigar ba. Ko sakatare da wakilin Gwamna ma akwai matsala: mutum ya rubuta shawara a fayil, sannan ya amince da ita da kansa. Saboda haka manyan batutuwa, kamar tabbatar da hukuncin kisa ko naɗin sarki, akan aika wa Gwamna ta wayar tangaraho ko a jira dawowarsa.