Kafin ka sayi buldog, fara duba hancinsa

Tambaya daga wani magidanci a Kano: Sallama. Ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu, sai na ga wani yana tallan ɗan kwikwiyon buldog a Instagram, ya ce ganin fuskarsa kawai ya isa ɓarawo ya juya. Kuɗin da yawa gaskiya. In saya don gadi?

Malam, Allah ya tsare gaba, amma ka riƙe kuɗinka tukuna. Wannan fuskar da ka gani a yamutse, haƙoran ƙasa sun leƙo waje, ita ce ke yaudarar mutane. Gaskiya ne kakanninsa masifaffu ne, a Ingila ana haɗa su faɗa da bijimi jama'a na caca a kai, sunan ma daga nan ya samo asali, to amma a 1835 majalisar Ingila ta haramta wannan wasan, daga nan masu kiwo suka koma zaɓen masu sanyin hali da gajeren hanci har aka wayi gari da karen da aikinsa barci da minshari. Nauyinsa kilo 23 zuwa 25 a kan gajerun ƙafafu, gudu kaɗan zai yi ka ji yana huci kamar tsohon janareta. Wasunsu ma in baƙo ya shigo tashi za su yi su je su shinshine shi. Kila mai tallan ya ɗauka shi ne pitbul, wani karen da aka sani da faɗa, alhali kowanne da jinsinsa.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Kare ba ya zufa a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kake ganin harshe a waje. Shi kuwa buldog hancin a manne yake da fuska, ƙofofin a matse, maƙogwaron ma da ƙunci, iskar ba ta wucewa yadda ya kamata. Yanzu ka ɗauki wannan halittar ka ɗaure a bakin get a watan Afrilu a Kano, zafi ya haura digiri 40. Wallahi kana iya dawowa daga kasuwa ka tarar da gawa. Sai dai ɗaki mai AC, kuma ka san in aka ɗauke wuta kai da iyalinka ma mafici kuke nema. Kamfanonin jirgin sama da dama sun daina yarda a saka su a wajen kaya saboda wannan matsalar ta numfashi.

In gadi kake so ka nemi Alsashiyan, irin karen nan na 'yan sanda, ko Boerboel ɗan Afirka ta Kudu in kana da ƙarfin ciyar da shi da wanda zai hore shi, don shi ba a wasa da tarbiyyarsa. Ni dai da ni ne karen gida zan samu tun yana ƙarami, ya san ranarmu, ya san tuwonmu, kuma haushinsa na kai wa ƙarshen layi. Ragowar kuɗin ka ƙara tsawon katanga.

Wata uwa daga Abuja ta ce: Yarana sun dame ni sai na saya musu ƙaramin nan mai kunnuwa a tsaye, buldog ɗin Faransa. Yana da haɗari ga yara?

Hajiya ta fannin hali ba shi da matsala sosai, yana son wasa, ba ya yawan haushi, a Amurka ma a 2022 shi ya ture karen da ake kira Labrador daga matsayi na ɗaya a farin jini, bayan Labrador ɗin ya shekara 31 yana riƙe da shi. Sai dai hancin nan ɗaya ne da na wansa buldog ɗin Ingila, don haka duk abin da na faɗa a sama ya shafe shi. Ga kuma hidima, naɗin fatar fuskar sai ana gogewa ana busarwa in ba haka ba ya yi wari ya yi ƙuraje, kuma ke za ki yi, yaran bayan sati biyu sun gaji. In akwai wurin ninƙaya a gidan a kiyaye, ba su iya iyo ba, kan ya yi musu nauyi.

In kin dage sai kin saya, kar ki tura kuɗi kan hoto. Ki je da likitan dabbobi, ki ce a nuna miki uwar, ki duba ko ƙofofin hancin a buɗe suke, ki saurari numfashinsa yana zaune, in kin ji yana gurnani ba tare da ya yi gudu ba ki bar musu kayansu. Ki karɓi katin rigakafi, kuma allurar ciwon haukan kare dole ce tunda da yara zai zauna. Batun zamansa cikin ɗaki da yawunsa kuwa wannan na malaminku ne, ki tambaye shi kafin ki biya.

Wani matashi daga Jos: Ina so in sayi mace in dinga sayar da 'ya'yan.

Ƙanena sanyin garinku zai taimaka, wannan kam. Amma ka sani sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog ɗin Ingila da tiyata ake yi, kan jariran ya fi ƙarfin ƙugun uwar. Je ka tambayi likitan dabbobi nawa yake yin tiyatar, da ko zai ɗaga wayarka ƙarfe biyun dare, sannan ka dawo mu yi lissafin riba.