Haƙori ya daina ciwo amma haɓa ta kumbura: a jira ko a tafi asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya yi makonni yana fama da ciwon turmin haƙorinsa na ƙasa. Wani mai magani ya yi masa hayaƙi, ya nuna masa tsutsotsin da ya ce sun fito, ciwon kuwa ya lafa. Tun shekaranjiya sai ƙasan haɓarsa ya kumbura, bakinsa ba ya buɗuwa sosai, ga zazzaɓi, kuma haɗiyar yawu tana yi masa wuya. Mai kemis ya ba shi amoksisilin, ya ce a jira kumburin ya saɓe kafin a je wurin likita. Hankalina ya tashi, me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada a jira. A kai shi sashen gaggawa na babban asibiti ko asibitin koyarwa mafi kusa a yau ɗin nan, ko da dare ne. Abin da kika bayyana ya yi kama da cutar da muke kira Ludwig, wadda wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana a 1836. Saiwar turamen ƙasa na baya tana kusa da naman da ke ƙarƙashin harshe, saboda haka idan mugunya ta huda ƙashi sai ta bazu a wurin, ta ture harshe zuwa sama da kuma baya har ya toshe hanyar numfashi. Wannan kan faru cikin 'yan awoyi, kuma ya fi saurin kayar da mai ciwon suga.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya kawo ku nan, domin kusan kullum sai na gamu da shi. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da tsamin da ke narkar da haƙori har ya yi kogo. Abin da mai hayaƙi yake nunawa a cikin kwanon ruwa, ko dai 'ya'yan tsiro ne da zafi ya fasa suka fitar da farin zare, ko kuwa abin da ya zo da shi ne a ɓoye cikin auduga. Wannan damfara ce, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda lafawar ciwo take zame wa maƙaryaci shaida. Haƙorin da ya hana mutum barci na makonni, sannan ya yi shiru farat ɗaya ba tare da an cike shi ko an cire shi ba, galibi jijiyar da ke cikinsa ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun ma samu mataccen nama da za su ci, kuma jini ba ya shiga cikin mataccen haƙori balle ya kai magani wurin. Shi ya sa amoksisilin ko filajil kan rage kumburi na ɗan lokaci, sai ya dawo fiye da da. Wasu kuma sukan ɗiga ruwan batir ko su danna asfirin a kan dasashi, su ƙone naman bakinsu, suna zaton kashe tsutsa suke yi. Duk mai karɓar kuɗin talaka a kan wannan ƙarya ya ji tsoron Allah, domin idan numfashi ya tsaya ba shi ne zai tsaya a kan gadon mara lafiyar ba.

Maganar a jira kumburi ya saɓe ita ma kuskure ce. Maganin mugunya shi ne a buɗe mata hanya ta fita, a cire haƙorin da ya haddasa ta, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, kuma likita ne zai yanke wanda za a fara yi bayan ya tabbatar da cewa hanyar numfashi a buɗe take.

Ga sauran masu karatu, ciwon da ke zuwa da shan ruwan sanyi ya tafi nan take zai iya jiran ranar ganin likita. Wanda ba ya jira shi ne kumburin da ya doshi ido ko wuya, ko sauyin murya, ko dalalar yawu, ko zazzaɓi tare da kumburi, ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori duk da an ciji tsaftataccen ƙyalle na minti 30. Haƙorin babba da ya fita saboda faɗuwa ko haɗari, a riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, a saka shi cikin madara, a isa asibiti kafin awa 1. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kumatu, musamman bayan ƙyanda ko tamowa, a yi zargin cutar noma, wato cutar da ke cinye naman baki da fuska. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Kafin ku isa, Malama, a bar maigidan a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a tsaga shi, kada a tilasta masa ci ko sha. Ki tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha, kuma da isarku ki fara gaya wa ma'aikacin jinya cewa haɗiya tana gagararsa, domin a duba shi kafin layi. Allah Ya ba shi lafiya.