Ki kai fitsari a gwada kafin ki sake sayen ƙwaya

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da jiki. Kin ce wata uku ke nan kina fama da zafin fitsari, kin sha Septrin da Ampiclox da cipro, ya lafa ya dawo, kina neman maganin da ya fi ƙarfi. Ni ma na bi ta wannan hanyar.

Nawa bayan haihuwar autana ya fara. Da na ji raɗaɗi sai in aiki yaro kemis ɗin layinmu a Tudun Wada, a ƙirgo min ƙwaya ta kwana biyu, in na ji dama-dama in watsar. Haka na yi ta yi har daren da zazzaɓi ya rufe ni, ga rawar ɗari, kwiɓina kamar ana soka wuƙa. Maigida ya kwashe ni sai asibitin Shika. Likita ta ce ciwon ya haura ƙoda.

Aka miƙo min 'yar roba, wai in bar fitsarin farko ya zuba, in tari na tsakiya. Bayan kwana 3 sakamako ya fito: E. coli ce, ƙwayar cutar da ke zaune a hanjin kowa, kuma ita ke jawo yawancin wannan ciwo idan ta samu hanyar mafitsara. An jera magunguna a takardar, gaban kowanne an sa S ko R. Septrin R, ampicillin R, cipro R. Ashe R nufinta ƙwayar cutar ta daina jin maganin, S kuwa tana jin sa. Likitar ta ce duk sanda na sha barkatai, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa, har su koya wa 'yan uwansu dabarar. Da kuɗina na horar da su! Allura aka koma yi min, kwanana biyar a gado.

Sannan mu mata komai sai mu ce sanyi. Ƙaiƙayi da farin ruwa sau da yawa wani ciwo ne daban, waɗannan magungunan ma ƙara shi suke yi.

Ki je a yi gwajin kafin ki sake haɗiyar komai, don magani na ɓata sakamako. Ki faɗa wa likita duk abin da kika sha, da ko kina da ciki, domin ana guje wa cipro ga mai juna biyu. In akwai zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, yau za ki tafi, kada ki jira Litinin.