Shimfiɗar roba tana rufa maka asiri

Yarona, ka ce ka kafa raga a bayan gidanka, kullum da yamma kana zuba mata ƙwallo kamar 150, bugun yana yi maka daɗi a hannu, amma da ka taka filin golf sai sanda ta riƙa cin ƙasa kafin ta iske ƙwallo. Kana tambaya ko ka ƙara yawan bugun. A'a, ragewa za ka yi.

Hannunka na gida shi ne na fili, bai canza ba. Shimfiɗar robar da kake bugu a kanta ce take rufa maka asiri. Idan kan sanda ya sauka kafin ƙwallo da ɗan yatsa biyu, a kan roba zamewa yake yi ya je ya same ta, ta tashi, raga ta cafke ta tun ba ka ga inda za ta faɗa ba. A ciyawa kuwa nutsewa yake yi. Ka ga ke nan kuskure ɗaya kake maimaitawa kullum har jiki ya haddace shi. Ni ma na faɗa wannan ramin ina saurayi, wata uku cur, ban tsira da komai ba sai ciwon gwiwar hannu da ɗabi'ar da na sha wuya kafin na rabu da ita. Shi ya sa ba na so ka bi ta nan.

Tunda a gida ba ka ganin tafiyar ƙwallo, sai ka nemi abin da zai gaya maka gaskiya. Ɗauko ɗan tawul ka shimfiɗa shi bayan ƙwallo, tazarar faɗin tafin hannu. Ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7, ka yi rabin lilo kawai, hannu ya tsaya daidai ƙugu a baya, ya tsaya daidai ƙugu a gaba. In ka taɓa tawul zai tattare ya yi tsalle, babu musu. Ƙa'idar sandunan ƙarfe ita ce ƙwallo da farko, ƙasa daga baya, shi ya sa in ƙwararre ya buga za ka ga ciyawar da ya ɓantare tana gaban inda ƙwallon take. Ranar farko tawul ɗin zai ba ka haushi. Kada ka gyara da wuyan hannu, a nan kowa yake ɓata. Matsalar a ƙafa take: nauyinka yana maƙalewa a ƙafar dama. Kafin hannu ya fara saukowa, ka taka ƙafar hagu sosai, ƙugu ya fara juyawa, ƙirji ya bi, hannu ya biyo baya, kan sanda ya zo a ƙarshe. Idan ka gama, ka tsaya cak ka ƙirga uku, dugadugin dama a sama, cibiya tana kallon raga. In ka yi tangaɗi, garaje ka yi.

Sannan ka goga alli a fuskar sanda. Kowane bugu zai bar tabo, ka ga ko a tsakiya ka same ta ko a gefe. In tabon yana yawan zuwa kusa da wuyan sanda, wataƙila ƙugunka yana matsowa wajen ƙwallo. Ajiye sandar, ka jingina mazaunai da bango, ka harɗe hannu a ƙirji, ka yi ta juyawa ba tare da ka rabu da bangon ba.

Maganar riƙo ba ta bukatar ƙwallo ma. Ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama bisa manunin hagu, irin riƙon da ake kira da sunan Harry Vardon wanda ya ci babbar gasar golf ta Open sau 6, ko ka sarƙe su kamar zakarun golf Jack Nicklaus da Tiger Woods, duk sun kai mutane gaci. Zaɓi ɗaya ka zauna a kansa, ka kuma sassauta, don na lura kana matse sanda har jijiya tana fitowa.

In a ɗaki za ka yi, duba rufi da fitila tukuna, ka yi amfani da ƙwallon soso, kada kuma yaro ya tsaya a bayanka.

Bugu 30 sun ishe ka a rana, kowanne ka ja da baya ka sake tsayuwa kamar kana fili. Kafa wayarka daidai tsayin hannu, ka ɗauki bidiyo biyu, ɗaya ta gabanka, ɗaya ta baya a layin raga, domin abin da jiki yake gaya maka ka yi daban yake da abin da ka yi. Ka zo mini da su ranar Asabar, ka taho da tawul ɗin ma, a kan ciyawa za mu gwada.