Amsa: Rigar hoton baiko ga mai jiki

Malam, ka ce kana da tumbi, kana neman ƙaramar rigar hoton baiko a Gusau. Kada ka sayi burmemiya don ɓoyo, ƙara maka faɗi take yi. Ka kai wa tela yadin auduga mai ɗan kauri, ruwan toka ko shuɗi mai duhu. Shadda mai ƙyalli tana fito da duk wani tudu a hoto, yadin roba kuwa gumi zai tona maka.

Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai ƙashin kafaɗarka, wuya ya ɗauki yatsu biyu. Wajen gwaji ka zauna. In maɓallan wajen tumbi suka wangale, a ƙara inci 2. Ka sa singileti a ciki, a ɗauki hoton bayan La'asar.