Na biya kuɗin hayar lasisin kula da tsofaffi a New York, ko kotu za ta ƙwato mini haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ni mazauniyar Bronx ce a New York. Na daɗe ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina da takardar shaidar horo, kuma na yi rajistar kamfani na kaina. Akwai dattawa bakwai 'yan garinmu, duk suna kan Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, sun ce ni suke so. Wani Alhaji mai kamfanin da ke da lasisi ya karɓi dala 15,000 a hannuna kan zai bar ni in yi aiki da lasisinsa, kuɗin gwamnati ya riƙa shigowa ta wurinsa yana ba ni kasona. Yau wata biyar, ba aiki ba kuɗi. Ina so kotu ta tilasta masa cika alkawari. Kuma tunda ina da kamfani da takarda, ai haƙƙina ne a ba ni lasisina, ko ba haka ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ga takardunki ba, ban kuma ji ta bakin Alhajin ba, don haka ki ɗauki wannan a matsayin haske kawai, kafin ki zauna da lauyan da ke da izinin aiki a jihar New York.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin a nan kuskuren yake. Takardar horonki, ko ta awa 40 ce ko ta awa 75, shaida ce cewa ke da kanki za ki iya yi wa tsoho wanka, ki ciyar da shi, ki taimaka masa ya tashi, a ƙarƙashin kamfanin da hukuma ta sani. Rajistar kamfani kuwa kowa na iya yi, cika takarda ne da biyan kuɗi. Ko an haɗa su biyun ba su zama lasisi ba, kuma ba su ɗora wa gwamnati nauyin ba ki shi ba. Lasisin da kike nufi, na kamfanin kula da mutane a gidajensu, wanda masu sana'ar ke kira LHCSA, Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ke bayarwa a ƙarƙashin sashe na 36 na dokar lafiyar jama'a, bayan majalisar da ke tantance irin waɗannan buƙatu ta amince. An ma rufe ƙofar ba da sababbi daga Afrilun 2018 zuwa ƙarshen Maris ɗin 2020. Da aka sake buɗewa sai aka tsaurara: ana duba hali da ƙwarewar masu kamfanin, ana duba ko suna da jarin riƙe shi, sannan ana duba ko yankin na bukatar ƙarin kamfani. Ƙa'idar ita ce, gundumar da ke da kamfanoni biyar ko fiye masu aiki ana ɗaukarta a matsayin wadda ba ta da bukata, sai mai nema ya kawo hujjar akasin haka. Gundumar Bronx ta wuce biyar nesa ba kusa ba. Ban ce ba zai yiwu ba, amma kada ki gina lissafinki a kai.

Ko da lasisin ya fito, kuɗin bai zo ba tukuna. Galibin kuɗin Medicaid na wannan aiki yana bi ne ta kamfanonin inshora masu kula da jinya ta dogon lokaci, kuma tun 2018 doka ta taƙaita yawan kamfanonin da kowannensu zai ƙulla kwangila da su. Ba dole ba ne su ɗauke ki.

Sai maganar dattawan nan bakwai. Na fahimci amanar da ke tsakaninku, kuma abu ne mai daraja tsoho ya sami mai kula da shi da ke jin yarensa, ta san lokacin sallarsa da abin da yake iya ci. Amma a idon doka ba jarinki ba ne da za ki kai wa wani kamfani a raba riba. Zaɓi nasu ne, kuma awannin da za a ba kowanne ma'aikatan tantancewa ne da kamfanin inshorarsa ke yankewa. Karɓar kuɗi ko kaso don an kawo mai Medicaid na iya faɗawa cikin dokar tarayya da ta haramta la'ada a kan majinyata, wadda hukuncinta ke iya kaiwa ɗaurin shekara 10, kuma tana kama mai bayarwa da mai karɓa.

Wannan ne ya sa nake jin tsoron yi miki gaggawar zuwa kotu. Lasisi ba shago ba ne da ake bayarwa haya. An ba da shi ne ga mutanen da hukuma ta bincika da sunansu. Mai lasisin ya fi ki sanin haka, kuma ban ga uzurin mutumin da zai karɓi gumin 'yar'uwarsa a kan abin da ba shi da ikon sayarwa ba. Duk da haka, da wuya alƙali ya tilasta cika yarjejeniyar da ta saɓa wa doka. Wani lokaci ma kotu kan bar kowa a inda ta same shi. Akwai yiwuwar a nemi mayar da kuɗin ta wata fuska, musamman idan ya nuna miki cewa tsarin halal ne a doka kuma ba a taɓa tura wa Medicaid takardar neman biya da sunan wannan shiri ba, amma ya danganta da abin da aka rubuta. Ki kuma sani, duk abin da kika faɗa a takardar ƙara ya shiga rajistar kotu, kuma zai iya fitowa ranar da hukuma ke duba halinki in kin nemi lasisi. Kotun ƙananan basussuka ta birnin ma iyakarta dala 10,000 ce, ƙasa da dala 15,000 da kike binsa.

Abin da nake ganin ya fi miki shi ne sulhu. Lauya ya rubuta masa wasiƙar neman kuɗinki, ba neman cika alkawari ba. In ya amsa, ku zauna gaban limami ko dattawan da yake jin nauyinsu, ko ku je cibiyar sasanta rikici ta al'umma, waɗanda hukumar kotunan jihar ke tallafa wa, kuma galibi kyauta ne ko kuɗi kaɗan. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, da adadi da ranakun biya, kowa ya sa hannu. Wa'adin ƙarar yarjejeniya a New York galibi shekara 6 ne, don haka 'yan watannin sulhu ba za su cinye miki dama ba, kodayake lauyanki ne zai tabbatar da wa'adin da ya shafe ki. Hattara da abu ɗaya: kada ki ce masa in bai biya ba za ki tona shi wurin hukuma. Irin wannan barazana na iya komawa kanki a matsayin laifi.

Game da sana'ar kuwa, hanya ba ta toshe ba. Akwai shirin CDPAP, inda tsohon da ya cancanta ke zaɓar mai kula da shi da kansa, ko ɗansa ne ko maƙwabci, ban da miji ko mata. Tun 1 ga Afrilun 2025 kamfanin PPL kaɗai ke riƙe da rajista da biyan albashi a faɗin jihar. A nan ma'aikaciya za ki zama, kuma ba za ki iya rubuta awa ɗaya a gida biyu ba, domin ana ɗaukar shigarki da fitarki ta na'ura. Idan mallaka kike so, ana iya sayen kamfanin da ke aiki, ko kaso a cikinsa, a fili, da sanin Ma'aikatar Lafiya da amincewarta inda ake bukata. Wannan sai akanta, wato masanin lissafin kuɗi, da lauya sun binciki littattafansa, domin masu binciken kuɗin Medicaid na iya komawa baya shekara 6, ga kuma basussukan albashin ma'aikata da mai saye kan tarar.

Kafin nan, kada ki ƙara masa ko sisi, kada ki sa hannu a wata sabuwar takarda, kada kuma ki miƙa masa katin Medicaid ko lambar kowane dattijo. Ki tattara rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin WhatsApp, har da na murya, ki kai wa lauya yadda suke ba tare da goge komai ba.