Wane agogon hannu ya dace da ma'aikacin agajin gaggawa?

Tambaya: Ina aiki a motar ɗaukar marasa lafiya a Tawa, kuma agoguna ba sa daɗewa a hannuna. Wane iri zan saya wanda zai jure wahala ba tare da ya cinye albashina ba?

Amsa: Malam, abu na farko da za ka duba shi ne agogon ya nuna daƙiƙa sarai, domin da ita ake ƙirga bugun jini: a ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka sau biyu. Ya kasance yana da fitila kuma, saboda aikin dare.

Ka guji maɗaurin fata ko na ƙarfe, domin gumi da jini suna maƙalewa a cikinsu, alhali na roba ana wanke shi da ruwa da sabulu bayan kowane aiki.

A ganina Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, ya wadatar da mai ƙaramin ƙarfi, domin ba shi da nauyi kuma batirinsa yakan kai kusan shekara 7, sai dai fitilarsa ba ta da haske sosai, kuma yayyafi kawai yake jurewa. Wanda aikinsa ya haɗa da ambaliyar damina ko kashe gobara, gara ya ƙara kuɗi ya sayi G-Shock, wanda aka ƙera don jure faɗuwa da ruwa har zurfin mita 200.

Jabu sun yi yawa a kasuwa. Kafin ka biya, ka danna kowane maɓalli, ka kuma duba ko rubutun bayan agogon ya fito tsaf.